Sabo da Kaza ko Saboda Kaza?

Wata ɗaliba daga Gusau ta aiko da tambaya. Ta ce an turo mata wani karin magana a waya a rubuce haka: "saboda kaza baya hana yankata". Ta karanta shi sau uku ba ta gane ba, ta ce ko wata tsohuwar Hausa ce da ta shige mata duhu.

'Yata, kin san karin maganar nan sarai, rubutun ne ya ɓatar da ke. Ga yadda yake: "Sabo da kaza ba ya hana yanka ta." Ana faɗar sa ne a nuna cewa shaƙuwa ba ta hana a yi wa mutum abin da ya zama dole. Kaza ta saba da uwargida, tana tsince tsaba a gindin turminta kullum, amma ran da baƙo ya sauka sai wuƙa.

Wuri uku marubucin ya haɗe abin da ke rabe. "Saboda" kalma ɗaya ce mai kawo dalili, 'yar'uwar "sabili da". "Sabo da" kuwa biyu ne: sabo, wato shaƙuwa, sai "da". Gwada ki sa "shaƙuwa" a gurbin "sabo". In zancen ya zauna, to a rabe ake rubutawa. Da ya haɗe su har kazar ma ta gudu, don mai karatu zai ɗauka kazan "kaza da kaza" ake nufi.

Sai "baya". Wannan gadon bayanki ne, ko kishiyar gaba. Na korewa "ba ya" ne, shaidarsa kuwa yana sauyawa: ba na, ba ka, ba ta, ba ma. A baki ba mai rikita su, domin murya na sauka a kan "ya" na korewa. Amma rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka ɗan filin nan da ke tsakani shi ke ɗaukar nauyin da murya ke ɗauka. Na uku, "yanka ta" a rabe, tunda aikatau ne da wakilin suna. In akwai mahaɗi, wato "n" ɗin mallaka, sai a haɗe: "yankanta".

Ba jiya aka fara wannan ba. Jaridar da aka fara bugawa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, sunanta Gaskiya Ta Fi Kwabo. Haɗe "ta fi" ki gani, ya koma ana ce wa gaskiya ta tafi. An kuma zauna kan ƙa'idojin rubutun Hausa a Bamako a 1966, aka sake zama a Yamai a 1980 don daidaita na Nijeriya da na Nijar. Waya dai ba ta halarci ko ɗaya ba.

Wani malamin firamare daga Maradi kuma ya tambaya ko waƙafi dole ne a cikin karin magana, tunda magabata da baki suka bar mana shi. Malam, da bakin ma ai suna tsayawa. Kalmar waƙafi daga Larabci take, duk wanda ya yi karatun allo ya san inda ake yin waƙafi a numfasa. Ɗauki "Ba cinya ba, ƙafar baya." Da waƙafin, zolaya ce ga mai musun abu da sauya masa suna kawai, ai cinya ita ce ƙafar baya. Cire shi, sai ya bi sahun "ba shiga ba fita", wato babu cinya babu ƙafar baya, nama ya ƙare ke nan. Haka "Ba girin-girin ba, ta yi mai": waƙafin ne ke raba hayaniya da abin da ake jira, "ta yi" kuma a rabe, don "tayi" na kasuwa ne.

In ɗalibanka za su rubuta karin magana, sa su fara faɗar sa da ƙarfi. Inda numfashi ya ɗan tsaya kafin rabi na biyu, nan za su ɗiga waƙafin.