Alherin da ke cikin karin magana da alherin da ke cikin Afisawa

Wata malamar makarantar Lahadi daga Billiri ta aiko da tambaya: "Malam, a gida mun tashi muna jin ana cewa alheri gadon barci ne. A coci kuma ana koya mana cewa ta wurin alheri aka cece mu. Shin alherin ɗaya ne? Yara sun tambaye ni na rasa amsa."

Malama, Allah ya yi wa yaran nan albarka, sun taɓo wuri mai zurfi. Kalmar ɗaya ce, an aro ta daga Larabci, al-khair, amma ta zauna a bakin Bahaushe har ta zama 'yar gida. A tambaye ki labari ki ce "sai alheri". Wani ya damƙa miki ɗan kuɗi ki ce ya yi miki alheri. A Kaltungo da Tula ma ba za ki rasa yarinya mai suna Alheri ba.

To amma duba karin maganar da kyau. Gado mutum ke gyara wa kansa kafin ya kwanta. Haka kuma ake cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Duka biyun suna magana ne a kan abin kirkin da mutum ya shuka, da ran zai girba wata rana. Wannan gaskiya ce ta zaman duniya, ba na raina ta.

Alherin da Manzo Bulus ke nufi a Afisawa 2:8-9, wato wasiƙarsa ga mutanen Afisa a Littafi Mai Tsarki, ya bi wata hanya daban. Kalmar da ya yi amfani da ita a Helenanci (harshen Girka) ita ce karis, wato kyautar da aka ba wanda bai yi aikinta ba. Shi ya sa ayar ta ɗora da cewa ba saboda ayyuka ba ne, don kada kowa ya yi fariya. A nan Allah ne ya shimfiɗa gadon, aka kira gajiyayye ya zo ya kwanta. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932 da hannun Likita Miller na Wusasa a ciki, sun riƙe "alheri", kuma a ganina sun dace. Rahama da jinƙai sun fi karkata ga tausayin wanda ke cikin wahala ko wanda ya cancanci horo. Alheri kuwa yana da hannu a buɗe, yana bayarwa. Ki ce wa yaran: na karin magana kai ne ka fara, na Afisawa Allah ne ya fara.

Wani dattijo daga Yelwa a Bauchi kuma ya ce: "Mene ne bambancin tsarki da tsabta?"

Baba, tsabta ta ruwa ce da sabulu da tsintsiya, ido na ganinta. Tsarki yana da alaƙa da ibada. 'Yan'uwa Musulmi na yin tsarki da ruwa kafin alwala, suna kuma cewa tsarki ya tabbata ga Allah. A bakin Kirista kalmar ta ɗauki nauyin kadosh na Ibrananci, wato keɓewa: abin da aka ware domin Allah shi kaɗai. Daga tushen kalmar tsarki muka sami tsarkake da tsarkakewa da tsarkaka. Abin da ke taɓa zuciyata shi ne Bulus ya kira mutanen Koranti tsarkaka a farkon wasiƙarsa, sannan ya shiga tsawata musu a kan rarrabuwa da kai juna ƙara. An riga an keɓe su, saura halinsu ya biyo sunan.

Baba ya ƙara da neman karin maganar da za ta dace da "girma cikin alheri" na 2 Bitrus 3:18. Da yayyafi kogi kan cika. Sai dai a lura, girma a Hausa fuska biyu gare shi, na tsiro da na sarauta. Bitrus na tsiro yake nufi.