Ina Haɗin Ɗumamar Yanayi da Malalar Mai a Ƙuryar Arewacin Duniya?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa ɗumamar yanayi tana ƙara haɗarin malalar mai a wurare masu tsananin sanyi irin su Siberiya da Alaska. Yaya zafi zai fasa tankin ƙarfe?

Amsa: Matsalar a ƙarƙashin tankin take. A waɗannan yankuna akwai ƙasar da ta daskare tun dubban shekaru, inda ƙanƙara ta ɗinke yashi da tsakuwa da laka wuri guda har suka yi tauri kamar dutse. A cikinta ake kafa ginshiƙan gidaje da na tankunan mai da na bututai, bisa zaton ba za ta taɓa narkewa ba. To amma tun daga 1979 yankin Aktik, wato ƙuryar arewacin duniya, yake ɗumama kusan ninki huɗu a kan matsakaicin duniya, kuma da zarar ƙanƙarar ta saki, sai ƙasar ta koma caɓi, ginshiƙi ya nutse, tanki ya karkata, ƙarfe ya tsage.

An ga haka a birnin Norilsk da ke Siberiya ta ƙasar Rasha ranar 29 ga Mayun 2020, lokacin da wani tanki na tashar lantarki mallakar reshen kamfanin haƙar ma'adinai na Nornickel ya fashe, man dizal kimanin tan 21,000 ya kwarara. Mafi yawansa ya shiga ruwa, kogin Ambarnaya ya yi ja wur, har ana ganin launinsa a hotunan tauraron ɗan Adam. Ranar 3 ga Yuni Shugaba Putin ya amince a ayyana dokar ta-ɓaci, sannan a Fabrairun 2021 kotu ta ci kamfanin tarar rubul biliyan 146, wato kusan dala biliyan 2. Kamfanin ya ɗora laifin a kan narkewar ƙasa, amma hukumar da ke sa ido kan masana'antu ta gano kurakurai a ginin tushen tankin da kuma sakaci wajen kula da shi. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a lamarin, domin narkewar ƙasa abu ne da ake iya aunawa tun da wuri, kuma bai kamata a mai da ita uzurin tsohon tankin da aka bari ba gyara ba. Akwai kuma hanyar kiyayewa: bututun man Alaska da aka kammala a 1977 an ɗora fiye da rabinsa a kan ginshiƙai, da yawansu ɗauke da na'urorin da ke janye zafi daga ƙasa don ta ci gaba da daskarewa.

Kwashe man kuwa ya fi wuya a yankin Aktik fiye da ko'ina. Babu titin mota ko layin dogo da ya haɗa Norilsk da sauran Rasha, sai jirgin sama ko na ruwa. Sanyi yana rage aikin ƙananan halittun da ke cinye mai, shi ya sa bayan haɗarin jirgin ruwan dakon mai na Exxon Valdez a 1989 aka shafe shekaru da dama ana tono baƙin mai a ƙarƙashin duwatsun gaɓar tekun Alaska.

A teku ma haɗarin yana ƙaruwa, saboda ƙanƙarar da ke ja da baya tana buɗe wa jiragen dakon kaya hanya ta arewacin Rasha. Hukumar sufurin jiragen ruwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana amfani da baƙin mai mai kauri a ruwan Aktik daga 1 ga Yulin 2024, sai dai an yi wa jirage da dama sassauci har zuwa 2029.