Tambaya da Amsa: Mu tuƙa kanmu a Namibiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ni da maiɗakina muna so mu je hutu Namibiya mu ɗau hayar mota mu tuƙa da kanmu, mu ga namun daji da hamada da bakin teku ba direba ba ɗan jagora. Anya zai yiwu kuwa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, zai yiwu sosai ma. Amma fa can a hannun hagu ake tuƙi, kuma yawancin hanyoyin ba kwalta tsakuwa ce zalla, in ka wuce gudun kilomita 80 sai mota ta fara rawa da kai, don haka ka nemi irin Hilux mai safaya taya biyu kuma duk gidan man da ka gani ka cika tanki ko rabi ya rage.

Ku je gandun namun daji na Etosha tsakanin Mayu da Oktoba, lokacin rani ne dabbobi duk suna taruwa wajen shan ruwa. A sansanin Okaukuejo ana haska tafkin da fitila da dare, kana zaune giwa da karkanda su zo su sha a gabanka. Kar ka kuskura ka sauka daga mota a cikin dajin, kuma ƙofa tana rufewa da faɗuwar rana.

Tudun yashin Sossusvlei kuwa da sassafe ake shiga ta ƙofar Sesriem kafin rana ta yi zafi. Garin Swakopmund da ke bakin teku hazo da sanyi, ku riƙo rigar sanyi wallahi. Kuɗin rand na Afirka ta Kudu ma suna karɓa.