Me ya sa sodiyum ke sauka idan glandin adirinal ya gaza?

'Yar'uwa, kin tambaya me ya sa sodiyum ɗin mahaifinki, wato gishirin jininsa, ya sauka zuwa 124 bayan an ce glandin adirinal ɗinsa, wanda ke zaune a saman ƙoda, ya gaza, kuma ƙara gishiri a abinci bai ɗaga shi ba. Allah ya ba shi lafiya. Tushen matsalar yana ƙwaƙwalwa.

Akwai homon, wato sinadarin da ke kai saƙo ta cikin jini, da ake kira ADH. Haifotalamus, wani sashe na ƙwaƙwalwa, ke ƙera shi, ɓangaren baya na glandin fituwitari da ke ƙasan ƙwaƙwalwa ke sakinsa, aikinsa kuwa shi ne sa ƙoda ta riƙe ruwa. Homon kotisol da adirinal ke fitarwa shi ke taka wa ADH burki. In kotisol ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwa takan ƙara fitar da homon CRH don ta zaburar da adirinal, ADH kuma ya biyo shi. Sai ƙoda ta dinga mayar da ruwa cikin jini ko jiki ba ya buƙata, fitsari ya ragu ya yi duhu, ruwan ya tsinka gishirin jini. Ma'aunin sodiyum na lafiya 135 ne zuwa 145. Shi ya sa gishirin abinci kaɗai ba ya gyara lamarin.

Ki tambayi likita wane iri ne, domin iri biyu ne. In adirinal ɗin kansa ne ya lalace, wato cutar Addison, homon aldositeron, mai sa ƙoda ta riƙe gishiri, shi ma yakan ƙare. Nan gishiri na zubewa ta fitsari, jini ya sauka, fotasiyum ya hau, saukar jinin ta ƙara ingiza ADH. Hana irin wannan majiyyaci shan ruwa kuskure ne babba. In kuwa fituwitari ne ya daina fitar da ACTH, homon da ke umartar adirinal ya fitar da kotisol, aldositeron yana nan, fotasiyum yakan zauna daidai, sai a ɗauka cutar SIADH ce, wato fitar ADH fiye da kima ba don rashin kotisol ba. A ganina bai kamata a yanke hukuncin SIADH ba sai an auna kotisol da misalin ƙarfe 8 na safe. In sakamakon bai fito fili ba, a yi allurar Synacthen, mai zaburar da adirinal, maikurogiram 250, a sake awon kotisol bayan minti 30 ko 60.

Maganin yau da kullum haidurokotison ne, mai maye gurbin kotisol, miligiram 15 zuwa 25 a rana, a raba biyu ko uku, kaso mafi girma da safe. Mai Addison ana haɗa masa da fuludurokotison, mai maye gurbin aldositeron, miligiram 0.05 zuwa 0.2. In amai ya kama shi ko ya fara rikicewa, asibiti za a nufa nan take: allurar haidurokotison miligiram 100, da ƙarin ruwan gishiri lita 1 a awar farko.

Inda ake yin ɓarna shi ne bayan an fara magani. Da kotisol ya dawo, ADH sai ya tsaya cak, fitsari ya ɓalle, sodiyum ya yi sama da gudu. In ya hau fiye da 10 cikin awa 24, jijiyoyin ƙwaƙwalwa na iya lalacewa, har da shanyewar jiki bayan 'yan kwanaki. Don haka ake maimaita awon jini duk bayan 'yan awoyi, ana lura da yawan fitsari.

In fituwitari ne matsalarsa, kuma fitsarin ya zarce lita 3 a rana da ƙishirwa mai tsanani, ki sanar da likita. Wataƙila dama akwai ƙarancin ADH da rashin kotisol ya ɓoye, magani ya tona shi. In za a ba shi maganin tayiroid, glandin da ke wuya, sai an fara haidurokotison tukuna.