Kawu, ga dalilin da ya sa muke haɗa Zamzam da asibiti

Kawu, ina gaisuwa da fatan an yini lafiya. Kun ce Hajiya ta dawo Kano tana mamakin mu Hausawan Makka: ga Zamzam a gida, ga zuma da habbatussauda, amma da an ce ciwon daji sai mu kwashi mutum zuwa asibiti. Kuka ce ai garkuwar jiki ce ke yaƙi, a ƙarfafa ta mana.

Nan ko sunan ciwon ba a son kamawa. Tsofaffinmu na unguwar Shara Mansur "khabis" suke cewa, wato mugu, su ma sai sun rage murya. Jarkar Zamzam kuwa ba ta barin gefen gado, kuma ni da nake aikin jinya ban taɓa hana kowa ba.

Kun tuna shingen Shumaisi a hanyar Jidda, inda askarawa ke duba takardu? Haka jiki yake. Kusan kowace ƙwayar halitta tana ɗora gutsattsarin furotin ɗin da take ƙerawa a kan wani faranti a jikinta ta waje, ana kiransa MHC. Ƙwayoyin T na garkuwar jiki su ne askarawan, da sun ga baƙon gutsure sai su kashe ƙwayar. Masana biyu, Doherty da Zinkernagel, su ne suka gano a 1974 cewa sai ta wannan faranti ƙwayoyin T ke gane ƙwaya mai cuta, har suka samu kyautar Nobel a 1996.

To daji ɓarawo ne mai wayo. Wani ya lalata beta-2, ƙafar da farantin ke tsayawa a kai. Wani ya kashe TAP, ɗan dakon da ke kai gutsattsarin. Askari ya zo, bai ga abin dubawa ba, ya wuce. Ko an ninka askarawan, me za su gani?

Na san za ku ce marar iƙama, wato takardar zama, ai shi ake fara damƙewa. Haka ne, akwai wasu askarawan, ƙwayoyin NK, masu kashe ƙwayar da ba ta da faranti. Sai dai wani dajin farantin da zai tona masa asiri kawai yake ɓoyewa, ya bar sauran a fili. Ko maganin zamani mai kwance wa ƙwayoyin T takunkumi yakan gaza a kan irinsa, sai a duba tiyata, ko gashin ƙari da haske na na'ura, ko magungunan kashe ƙwayoyin daji da muke ce wa kimawi.

Ƙullutun da Inna ta ji a mama, don Allah a kai ta asibitin Malam Aminu Kano a ɗebi nama a gwada cikin satin nan. Zamzam zan aiko ta hannun masu Umara.