Yadda ake gane rawar Sin ta dā daga sassaƙen dutse

Ka tambayi yadda masana ke fahimtar rawa daga hoton da ba ya motsi. Yawancin shaidar tana fitowa ne daga kaburburan daular Han, wadda ta ƙare a shekarar 220 miladiyya, musamman na yankin birnin Nanyang da na lardin Shandong. A wani kabari da ke gundumar Yinan a lardin Shandong, an sassaƙa ɗan rawa kusa da faranti bakwai da aka jera a ƙasa, irin waɗanda ake takawa ana tsalle daga wannan zuwa wancan. Abin da ya fi taimakawa, a ganina, shi ne dogon hannun rigar ɗan rawa, domin inda ya karkata yana nuna inda jiki ya juya. Daga nan sai a gwada hoton da waƙoƙin zamanin da mutum-mutumin yumɓu da aka tono.