Sabunta manhajar shago gab da azumi: amsa ga wani ɗan kasuwar Sakkwato

Wani ɗan kasuwa mai sayar da shinkafa da sukari da man girki a sari, wanda ke da shago a Babbar Kasuwar Sakkwato da reshe a Illela, ya aiko da tambaya. Ya ce matashin da ya rubuta masa manhajar rasit da lissafin sito yana so ya ɗora sabon fasalinta a kan sabar da suke aiki da ita, wato kwamfutar da ke riƙe da manhajar da bayanan shagon, mako guda kafin azumi, kuma ya nemi kuɗin wata saba ta gwaji. Shin wannan kuɗin ba asara ba ne?

Alhaji, kuɗin gwajin ka biya, amma lokacin da ya zaɓa kada ka yarda da shi. Sabar da yaranka ke yanka rasit a kanta ita ce ke riƙe da sunayen masu bashi da adadin buhunan da ke sito, saboda haka duk kuskuren da ya shiga cikinta a aljihunka zai fito. Sabar gwaji kwafi ce ta wannan, inda za a zuba bayanan cinikin watan jiya a ga ko sabuwar manhajar za ta fitar da jimillar da tsohuwar ta fitar. Ba sai an sayi sabuwar na'ura ba, domin ana hayarta a intanet a biya wata-wata. Kuma wanda ya rubuta manhaja ba shi ne ya fi cancantar gwada ta ba. Ka sa akawunka da yaron da ya fi daɗewa a kan kanta su yi aikin, domin su ne suka san cinikin da ke rikita lissafi, kamar wanda ya biya rabi da taransfa rabi a hannu, ko wanda ya dawo da buhu biyu bayan an rufe lissafin ranar.

Abin da ya fi damuna shi ne reshen Illela. A ranar 1 ga Agusta, 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya tafka asarar sama da dala miliyan 400 cikin kusan minti 45, saboda an ɗora sabuwar manhaja a kan saba bakwai an tsallake ta takwas. Idan kwamfutar Illela ta tsaya a kan tsohon fasali saboda rashin netiwok, ta Sakkwato kuwa ta koma sabo, to kowacce za ta riƙa faɗin nata adadin kayan sito, kuma ba za ka gane ba sai ranar ƙirga kaya. Don haka a sabunta su a zama ɗaya, a kuma tabbatar lambar fasalin da ke kan allo iri ɗaya ce a ko'ina.

Kafin a taɓa komai, a ɗauki kwafin ajiya na dukkan bayanai, a buɗe shi a kan sabar gwaji a gabanka. Kwafin da ba a taɓa buɗewa ba, babu wanda zai rantse yana aiki. Matashin ya rubuta maka yadda zai koma kan tsohuwar manhaja idan abu ya cije, da tsawon lokacin da hakan zai ɗauka. A yi aikin da dare bayan an rufe kasuwa, da inbata ko janareto a kunne, domin ɗaukewar wuta a tsakiyar sauya tsarin bayanai tana iya lalata su. Washegari a ajiye littafin rasit na hannu a kusa.

Game da lokaci, ka bari sai bayan ƙaramar salla, ciniki ya lafa. Abin da ba ya jira shi ne toshe kafar da ɓarayin intanet ke iya shiga, ko canjin da doka ta tilasta, kamar yadda harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa 7.5 cikin ɗari a Fabrairun 2020.

Ladan aikin kuma ka raba shi a rubuce: wani kaso a farko, ragowar bayan manhajar ta yi wata guda lissafinta yana dacewa da na banki. Kalmar sirrin sabar da asusun da ake biyan hayarta su kasance da sunanka, ba da sunan matashin ba.